Jar Saniyar Baffa Hammajoda

"To ai ba a kiran shaidu," in ji Baffa Hammajoda. "Ka tara mutane don za ka ba ɗan'uwanka saniya? Sai dai in zaginsa kake son yi."

Muna zaune a gindin aduwa, kusa da babbar rijiyar Gidigir, kafin shanu su iso. Na tambaye shi ne ko akwai wanda ya ga ranar da ya ba Buraima saniyar. Duk garin an san Baffa da jan ruwa: shi ke cika komi wa dabbobin mutane, a ba shi hatsi. Amma da ba haka yake ba. A arewacin Kelle aka haife shi, kuma shanu sittin ya gada wurin mahaifinsa, jajaye masu dogon ƙaho, kowace da tsaga biyu a kunnen hagu.

Buraima abokinsa ne tun suna bin maruƙa. Shekara biyu kafin babban fari, ciwon huhu ya shiga garken Buraima, ya bar shi da tsofaffi huɗu. Sai Baffa ya yi masa habbanaye, wato ya ara masa karsana ta zauna wurinsa har ta haihu sau uku. 'Ya'yan su zama na Buraima, uwar ta koma gida.

"Ba ta baya na zaɓa masa ba, ɗana," ya ce. "Jar karsanata Woɗe na ba shi. Kakarta ce babana ya fara ba ni, ina ɗan shekara bakwai."

Daga nan damina ta ƙi. A 1973 ciyawa ba ta fito ba ko a fadama. Baffa ya kora garkensa kudu, ya bi ta Bune, ya ƙetare iyaka, shanun suna faɗuwa ɗaya-ɗaya. Saniyar ƙarshe kuwa, shi da matarsa Nene suka yi kwana uku suna ɗaga ta da itace kowace safiya. Suka dawo Gure a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ba su da komai sai sanda da ƙorai. Wata bakwai suna layin jar dawar taimako.

"Kullum Nene sai ta ce, kai, daina sunkuyar da kai, ai muna da Woɗe. Da saniya ɗaya ake tayar da garke."

Buraima bai yi ƙaura ba. Ya zauna a kwarin Gidigir, yana saro wa dabbobinsa ganyen kaba, kuma sun rayu. Da Baffa ya zo, Buraima ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka dama fura, sannan ya ce Woɗe ta mutu tun farkon fari.

"Ka yarda, Baffa?"

"Me zai hana? Nawa sittin sun mutu a gabana. Ni ma na yi ta ba shi haƙuri. Na ce kada ya sa wa ransa, ba laifinsa ba ne." Ya yi wata gajeriyar dariya. "Har da dafa masa kafaɗa."

Washegari, a hanyarsa ta komawa, ya biyo ta wannan rijiyar. Ya ga jajayen shanu a komi, sai bakinsa ya yi kiran da ya saba yi wa nasa, ba da niyyar komai ba. Wata saniya ta ɗaga kai, ta bar ruwan, ta ratso sauran ta zo ta sa hanci a hammatarsa. An yanke rabin kunnenta na hagu, daidai inda tsagar take.

Magana ta kai gaban maigari. Buraima ya ce a kasuwar Gure ya saye ta, a haka ya same ta, kuma saniya takan bi duk wanda ya iya kira. Maigari ya nemi shaidu, babu. Ya ce to Buraima ya rantse da Alƙur'ani.

"Na ɗauka zai sunkuyar da kai. Sai na ga ya ɗauki buta ya tsuguna, yana alwala a natse, har yana tsefe gemu da ruwa. Na ce, wallahi rantsewa zai yi. Na tashi na ce wa maigari na janye."

"Don me, Baffa?"

"Uwarsa ta goya ni. In tsaya in ga ɗanta ya hallaka kansa a kan saniyata?"

Nene ba ta yafe masa wannan janyewar ba. Ta koma Kelle wurin yayanta, ta ce ba za ta iya zama tana kallo ba. Shi kuwa ya kama aikin rijiya. Ya lissafa: Woɗe ta haihu sau ɗaya kafin fari, saura biyu. Ya ce wa kansa yunwa ce ta ruɗe Buraima, yana tsoron a karɓe ta kafin ya cika ukunsa. In ta haifi na uku zai ji kunya, ya kawo ta, ko da ba zai ce komai ba. Shekara huɗu ke nan yana jira.

"Yaushe za ta haifi na ukun?"

"Ta haifa. Yau kwana goma sha biyu. Mace."

Can muka ji kukan shanu daga bayan tudu. Garken Buraima ne, sun haura talatin yanzu. Jar saniya mai guntun kunne tana gaba, 'yar maraƙa tana bin ta. Buraima na bisa raƙumi, da sabon rawani. Baffa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya tsaya yana dubansa.

"Hammajoda, sannu da aiki!" in ji Buraima daga sama. "Fara da nawa, ina sauri."

Saniyar ta wuce komin da babu ruwa, ta nufo Baffa.

"Ƙishi take ji, tana shayarwa," ya ce mini, ba tare da ya juyo ba.

Ya ɗauki guga da igiya, ya nufi bakin rijiya.