Gyaɗa a Fadamar Iya Kulu

Ko a tsakiyar bazara ba a rasa wuta a tsakar gidanmu na Kontagora, domin kakata Iya Kulu mai daddawa ce. Da an idar da sallar isha'i sai ta ɗora tukunyar kalwa a murhu, ta zauna tana iza itace, mu jikoki mu kewaye ta muna gumi, amma ba mai tashi. Daga ƙasar Kambari aka auro ta, can wajen Salka, shi ya sa har ta tsufa Hausarta ba ta miƙe sosai ba. Mukan kwaikwaye ta a ɓoye, ita ma ta sani.

Gonakinmu biyu ne a lokacin. Akwai jigawa a kan tudu, mai farin rairayi, inda ake gero da wake. Akwai kuma fadama a gangare, baƙar laka mai riƙe ruwa, wadda Iya ke shuka shinkafa da damina, da rani ta yi lambun albasa da kuɓewa a bakin rijiya. Zamanin Turawa ne, kuma a wata shekara kamfani ya buɗe sayen gyaɗa, kowa ya ruɗe. Babana ya ce bana duka gonakin gyaɗa za a zuba, har fadamar.

"Ƙasar da ta fi baƙi ai ita ta fi ƙarfi," in ji shi.

Baba ɗan farin Iya ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya musu da shi. Sai dai a daren nan, da ta ga ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa yana shan iska, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata tatsuniya nan na kawo muku, ku matso."

"Sauke ta mu ji, Iya!"

Ta ce wani mutum ne ya zo daga arewa, ƙasar rairayi, da jakar irin gero. Mai gari ya karɓe shi, ya ba shi mata 'yar garin, ya ce ya zaɓi inda zai noma. Da ya ga fadama, baƙa wuluk, ciyawa har ƙirji, sai ya ce nan. Matarsa ta damƙi ƙasar ta matse, ta dunƙule kamar tuwo. Ta ce, "Maigida, gero ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Kai shi tudu, inda in ka matse ƙasa take zubewa." Ya ce tun kafin a haife ta yake noman gero.

Geron ya tsiro kore shar, mutumin yana ta murna. Da ruwan marka ya sauka, sai fadama ta cika, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya kwanta. A shekarar nan, da ganyen tafasa da rama suka rayu, 'yarsu ta goye kuma ba ta ga kaka ba.

A nan Iya ta tsaya, ta daɗe tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Na ce, "Iya, sai matar ta gudu gidansu?"

"Ina za ta, angona? Gida ta je, amma irin shinkafa ta roƙo. Da damina ta kewayo ta watsa shi a fadamar, shi kuma ya hau tudu da geronsa, ba wanda ya ce wa wani ci kanka. Da kaka ta yi, rumbu biyu suka cika. Ƙasa ba ta ƙi shi ba. Bai tambaye ta abin da take so ba ne. To, na sauke, kowa ya nemi makwancinsa."

Baba bai janye gaba ɗaya ba. Ya raba fadamar biyu, ya bar wa Iya rabi. Gyaɗarsa ta can ta yi ganye mai ban sha'awa, amma ranar cira wasu 'ya'yan sun ruɓe, wasu lakar ta riƙe su, sai tsurar ganye ke biyo hannu. Ta jigawa ce ta yi kyau. Shinkafar Iya ita ta kai mu wata daminar. Na ga Baba da idona ya ɗauko damin farko a kansa, ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe.

Sai bayan rasuwar Iya, ina magidanci, na ba Goggo Hasiya ƙanwar babana wannan tatsuniya a wurin zaman makoki, don mu tuna ta. Ban kai ƙarshe ba ta fashe da kuka. Ta ce, "Wace tatsuniya? Mutumin nan kakanka ne. Yarinyar da ta rasu kuwa ita ke bin babanka."

Ashe Baba yana ɗan shekara uku aka yi abin, bai riƙe komai ba, ba kuma wanda ya taɓa gaya masa. Na daɗe ina ɗaukar cewa Iya noma take koya mana, ta kuwa koya mana, don har yau ba na sa iri a wuri sai na damƙi ƙasarsa. Amma yanzu abin da ya fi tsaya mini shi ne, tsohuwar nan ta tono kabarin 'yarta a gaban yara masu dariya, ta mai da mijinta wani baƙo a cikin tatsuniya don kada ta tozarta shi, duk saboda kada ɗanta ya binne ɗayanmu.