Mai Auna Kunne da Murfin Kwano

Ran kasuwar Dakoro, bakin rumfar mahauta, ga wani saurayi tsugune, gumi ya jiƙa masa riga har kwala. Ya rataya katin iniversite mai sunan Ikrama, don kada a ɗauke shi mai gyaran rediyo. Kayan binciken nasa abin kallo: murfin kwano, makirfon ekuter, abin sauraron nan na kunne, manne a murfin da sikoc, wato salatif, da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Da gani, na'urar gaske ta fi ƙarfin malamansa, kuma takardarsa ta gama karatu a kan murfin nan ta dogara.

Aikin ba wuya. Waya na yin ƙit, ƙit, kai kuma kana buga yatsa a murfi tare da ita, tana auna ko kunnenka na bin lokaci. Duk cikar kasuwar nan, masanin namu bai ga wanda zai gwada ba sai Na'Allah, makaɗin mahauta.

Na'Allah ya buga uku daidai, sai yatsunsa suka ɓalle da taken fawa. Mahauta suka ajiye ciniki suna rawa da wuƙaƙe.

"Baba, ɗaya-ɗaya dai, don Allah! Batiri zai mutu!"

"Ɗana, wanga abu naka bai iya kiɗi ba. Taimaka mashi nike."

Waya ta ɗauke. Baba bai tsaya ba. Ikrama ya yi tagumi yana kallon baƙin gilashi, ƙafarsa kuwa, wadda ba a manna wa makirfo ba, tana bin kiɗan ba kuskure ko ɗaya.