Gonar Makarantarmu Bayan Malam Habu

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Malam Habu, ma'ajin kwamitin amintattu na makarantar da mutanen Gafasa suka gina da hannunsu. A zamaninsa, wanda duk ke son sanin halin da asusun makaranta yake ciki, gona yake zuwa da fartanyarsa a kafaɗa. Yau a waya ake turo bayanin, cikin Turanci, kuma galibin iyayen yaran ba su taɓa buɗe shi ba.

Makarantar tana da gona a bakin hanyar Toranke, wadda wata tsohuwa da ba ta bar ɗa ba ta bayar kyauta. Da abin da aka noma a cikinta ake biyan malamai. Kowace damina ana kiran gayya, kuma Habu ya kafa doka: ba a buɗe kwanon tuwo sai ya gama bayani. Sai ya hau wani kututture, ƙafa duk taɓo, ya faɗi gyaɗar da aka sayar a kasuwar Ajingi, da abin da malamai suka karɓa, da abin da ya tafi wajen alli da gyaran katanga. Mutane na zaune da yunwa suna harararsa.

"Malam Habu, miya fa tana sanyi!"

"Bar ta ta huce, ɗan'uwa, ba inda za ta. Kai da ka ce an yi tsadar benci, tashi ka faɗa a gaban jama'a."

Kuma akan tashi. Mutumin da ya wuni a sunkuye yana noma gonar makaranta ba ya jin nauyin tambayar me ya sa aka je Gaya sayen benci alhali ga kafinta a gari.

Ni rayuwata a kan hanya na yi ta. Na yi fatauci a Kumasi da Agadas, na zauna Kartum, na daɗe a Jidda, kuma duk inda na sauka sai na leƙa yadda suke riƙe makarantun al'umma. A Agadas na ga takardu cikin Faransanci, hatimi kan hatimi. A Kumasi na ga allo a ƙofar makaranta, an rubuta shiga da fita kowa na karantawa. Duk dawowa sai na zo wa Habu da shawara: a buɗe asusun banki, a riƙa rubutawa. Shi Babarbare ne ni Bafulatani, don haka ba ya raga mini.

"Kai da ko shanun babanka ba ka iya tsarewa ba, yawo ya ɗauke ka, kai za ka koya mini riƙon amana?"

Ba zan ce tsarinsa ba shi da aibu don ya rasu ba. Akwai shekarar da ƙwari suka cinye hatsin a rumbu, malamai suka yi watanni ba albashi. Da ya kwanta dama kuma mun sha wuya kafin mu gane inda aka tsaya, domin yawancin lissafin a kansa yake. A nan ni ne da gaskiya. Bayansa 'ya'yan gari da ke Legas da Abuja suka ɗauki nauyin makarantar, da sharaɗin a bi ta banki, wani akanta a Kano ya riƙa duba lissafin komai, a tura musu rahoto kowane zangon karatu. Malamai ba su ƙara kwana da yunwa ba. Sai dai rahoton nan don masu turo kuɗi ake rubuta shi. Gayya ta mutu a hankali, gona ta koma saura.

Abin da ya hana ni sukuni a bana shi ne iskar farkon damina ta yaye rufin azuzuwa, kuma abin da ke banki bai isa gyara ba. Shugaban kwamiti na yanzu, Sadiƙu, ɗan ƙanin Habu ne, yaro mai gaskiya. Ya kawo shawarar a sayar da gonar. Ina cikin amintattu, ba a sayarwa sai da sa hannuna.

Na ƙi. Na ce sai an tara iyaye an karanta musu komai da Hausa. Sadiƙu ya ce, "Baba, ai an tura wa kowa." Na ce a dai tara su. Na bi gida gida da sandata, na tare wasu a kasuwa, har rugar 'yan'uwana na je na yi musu da Fulatanci. Ranar taro waɗanda suka zo ba su cika tabarma uku ba. Sadiƙu ya karanta, ya fassara, bai ɓoye komai ba. Na dubi Malam Ado, wanda a da shi ya fi kowa tayar wa Habu da hankali, na ce, "Ado, gonar da ka yi shekaru kana nomawa za a sayar. Ba ka da magana?"

Ya gyara hularsa ya ce, "Alhaji, tunda masu makarantar sun yarda, mu mene ne namu a ciki?"

Tun ranar maganar nan take bina. Na yi ta tambayar kaina me Habu zai yi. Ina jin da ya zazzage Ado da faɗa, ya zazzage ni ma, ya ce ga inda bankina ya kai mu. Amma shi ba mutumin da zai bar yara a ƙarƙashin ruwa don a ce ya riƙe gona ba ne. Wani lokaci ina ganin da ya sa hannu, wani lokaci ina ganin da ya sake kiran gayya ko da mutum biyar ne za su amsa. Ban san wanne ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Na sa hannu. An yi rufi, yara suna karatu, cikin malamansu har da waɗanda gyaɗar Habu ta biya wa karatu. Wannan ya rage nasa, Allah Ya kai masa ladan, Ya jiƙansa. Gonar kuwa an yanka ta filaye, an fara aza tubali. Makarantar ta fi da kyau, amma iyayen Gafasa sun daina ɗaukar ta tasu, kuma ba ta da sauran ƙasar da za a kira su su noma.