Saƙon Magini a Lambun Tit

Shekarata ta uku a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya na sayi ƙaramar kyamarar sinima a hannun wani ɗan kasuwa mutumin Agadez. Ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Da ita nake ɗaukar suna da walimar 'yan garinmu, kuma hotonta ya fi na manyan da na taɓa riƙewa kyau. Amma batir ɗinta ba ya jimawa, kuma in rana ta buge ta sai ta ɗau zafi ta mutu.

Wani magini ɗan Maradi, da muke salla masallaci ɗaya, ya tare ni wata ranar Laraba.

"Malam, so nake ka ɗauke ni in aika wa Inna. Shekara biyu ba ta ga fuskata ba."

Ya ce ba a ɗakinsu ba, inda su tara suke kwana. Sai muka tafi Tit, wani ƙauye a wajen gari, ranar Juma'a da hantsi, don tsohuwa ta gan shi cikin dabino. A shingen hanya jandarma ya buɗe jakata, ya juya kyamarar, ya miƙo mini. Da babba ce da sai mun sha tambayoyi.

Na kafa ta gefen wani lambu. Da farko ya sandare, yana jero gaisuwa kamar mai karatun sanarwa. Can sai ya manta da kyamarar, don ba ta da girman da za ta tsorata mutum. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ƙanena da kika haɗa mu tare, ba aiki ne ya hana shi kira ba."

Ashe yaron ya faɗo daga saman gini wata bakwai da suka wuce, an binne shi a nan Tamanrasset. Ko ni ban sani ba. Yana cikin faɗin yadda aka yi masa sutura na ji jikin kyamarar ya yi zafi kamar murfin tukunya. Hasken allo ya ɗauke. Na rasa yadda zan katse shi, na bar shi ya yi ta yi wa matacciyar kyamara magana har ya kai aya.

Sai na faɗa masa ta mutu tun yana tsakiyar magana.

"Bari ta huce, mu sake," na ce.

"Ba zan iya sake faɗa ba, Malam. Sau ɗaya ta fito."

A gida na duba abin da ta kama. Fuskarsa tas, har jijiyar wuyansa ana gani. Amma na dogara da ɗan makirfon da ke jikinta, iska kuwa ta cinye rabin maganar. Ana jin "ƙanena", ana jin "Inna", sauran sai huu.

Na yi ta nemansa mu zauna cikin ɗaki, da makirfo na aro. Kullum sai ya ce gobe. Kafin wata ya ƙare aka kwashe ma'aikatan wurin gininsu aka yi bakin iyaka da su. Lambarsa ta daina shiga, kuma ban taɓa tambayarsa sunan ƙauyensu ba.

Har yau ban san ko tsohuwar ta ji ba. Na sayi makirfo da batir uku a satin da aka kwashe su, na kuma koyi yi wa kyamarar inuwa da rawanina.