Ƙafar Kujerar Hedimasta

Ƙafar kujera ce ta kashe mini karatu. Ba talauci ba, ba daƙiƙanci ba, kuma ba wanda ya yi mini asiri, ko da yake uwata har ta koma ga Allah tana zargin haka. Ƙafar kujera guda ɗaya, ta baya, ɓangaren hagu.

Ubana masassaƙi ne a Batsari. Turmi, taɓarya, ƙotar fartanya, akushi, duk wanda ya ci kasuwar garin ya san rumfarmu. Ni kuwa tun kafin a yi mini kaciya na iya riƙon gizago. Da aka sa ni elementare sai kaina ya ɗauka, musamman lissafi, har aka zaɓe ni zuwa makarantar Midil a birni.

Ban yi wata uku a can ba aka aike ni ofishin hedimasta in kai alli. Na tarar da shi zaune a ɗosane, kujerarsa na rawa, an cusa mata takarda a ƙarƙashi. Da na ajiye allin na fita, da yanzu wani labarin ake yi. To amma ɗan masassaƙi ba ya ganin itace ya saki ya wuce. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka ba ni ita zuwa la'asar za ta daina." Na fere ɗan guntun marke, na buga mata a gaɓar da ta kwance, ta tsaya cak. Washegari ya kira ni gaban yara duka ya yabe ni. Kwana uku kaina bai shiga hula ba.

Ƙarshen shekara aka raba mu biyu. Wasu suka ci gaba da littafi, mu kuma aka ce hannunmu na da kyau, aka kai mu ajin sana'a, wurin zarto da katako. Da na zo hutu na faɗa wa Baba, sai ya yanka zakara. Ya ce, "Ashe bokon nan ma da abin kirki a cikinsa." Ba wanda ya gaya masa, ba wanda ya gaya mini, cewa jarrabawar shiga kwaleji 'yan ajin littafi ne kaɗai ke zaunawa. Sai a shekara ta huɗu na gani da idona, ranar da aka liƙa sunaye. Har da wani yaro da nake yi wa lissafi yana ba ni ƙuli-ƙuli. Na je wurin malamin sassaƙa na ce ina nawa sunan. Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce, "Ai kai tun aji ɗaya aka gama maganarka."

Na dawo Batsari da akwatin kayan aiki da takardar shaida. Na zama kafinta. Ban ji yunwa ba, ban ce na ji ba. Amma bencin makaranta da na gyara a ƙasar nan ya fi ƙarfin ƙirga, kuma duk wanda na kifa ina buga masa ƙusa sai na ji kamar ni ake bugawa. Abu ɗaya na ƙaru da shi: malaman da nake yi wa gyara suna hira ina sauraro. A bakinsu na gane yadda tsanin yake. Elementare, Midil, kwaleji, ga kuma jami'a da aka ce an buɗe can kudu, wadda ba ta ɗaukar kowa sai wanda aka tace aka sake tacewa. Na kuma gane ƙofar sama tun daga ƙasa ake kulle ta.

Yayata tana aure a Safana, mijinta mahauci ne, mai ƙiba da surutu. Tun ranar da ya aure ta muke wasa da shi, har yau bai taɓa kirana da sunana ba. Ɗansu na fari shi ne maganar. Yaya ba ta kama sunansa, sai dai "yaron nan", ni ma da haka na saba. Duk hutun elementare a rumfata yake yi. Yana da shekara tara ya ɗauki gizagona ban sani ba, ya fere ƙota. Na karɓa na juya ta a hannu. Ta fi wadda na yi ina shekara goma sha biyu.

Da labari ya zo an zaɓe shi zuwa Midil, na hau keke ranar kasuwar Safana. Na sami uban yana saran ƙashi.

"A'a, ga Bature ya iso! Ku ba shi kujera, in ta karye shi gyara."

"Ajiye wuƙar nan, mai ƙarnin jini, magana na zo da ita."

"In hanta kake so ka faɗa, ba sai ka yi Turanci ba."

Na tsuguna na zana masa tsanin a ƙasa da tsinken tsire, hawa huɗu. Na nuna masa inda na faɗo. Na ce yaron nan zai hau har ƙarshe, amma tun yau za a fara shiri, ba sai an liƙa sunaye ba. Ya duba zanen, ya kore ƙuda, ya ce, "To shi wanga na saman, mi ake sayarwa a cikinai?" Mahauta suka kwashe da dariya. Amma ya ba ni yaron na mako biyu.

Abin da na yi da shi a makonnin nan, ban taɓa jin wani kawu ya yi ba. Da safe Turanci da lissafi, da tsofaffin littattafaina da nake ajiye a ƙasan akwatin aiki. Bayan azahar kuwa sai in koya masa ɓata aiki. Yadda zai buga ƙusa ta lanƙwashe. Yadda zai danna zarto ya cije a katako. Yadda zai auna daidai ya yanka a karkace. Na rantse, koya wa hannu mai kyau ɓarna ya fi koya wa daƙiƙi aiki wuya. Sai ya manta, ƙusa ta shige sumul, in ce, "Sake!" Ya ce, "Kawu, ai daidai ta shiga." In ce, "Shi ne laifinta."

Na ce masa, "In an kai ku ɗakin katako, kai ne wawan aji. In ka ga tebur na rawa, ka bar shi ya faɗi. In kujerar hedimasta ce, ka runtse ido ka wuce. Ka ji ni?"

Ya ce ya ji.

Hutun ƙarshen shekara ya zo, na je Safana dubo shi. Ina shiga gidan na ga Yaya tana tankaɗe a kan wata 'yar kujera sabuwa, ta maɗaci, ƙafa huɗu, ba ƙusa ko ɗaya a jikinta. Tana ta murmushi.

"Auta, ka ga abin da yaron nan ya kawo mini? Shi ya yi da hannunsa."

Na ce ta tashi. Na kifa kujerar na duba gaɓoɓinta. Ko allura ba za ta shiga ba. Na kira yaron na ce wa ya gan shi yana yin ta.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce wata takwas yana lanƙwasa ƙusa, yara na yi masa dariya, har ya gaji. Ya tsinci guntayen katako ya yi ta a ɓoye, malamin sassaƙa ya kama shi. Bai doke shi ba. Ya riƙe kujerar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in an dawo hutu sunansa ne na farko a ajin sana'a.

"Kuma Kawu," in ji shi, "ni ina so."

Uban yana alwala a bakin randa, ya ce, "To ka ji. Ka bar yaro da abin da Allah ya ba shi. Kai da sana'ar nan ka yi aure, da ita ka sayi keken da kake yi muna iyayi da shi."

Da na buɗe baki, da wasan da ke tsakaninmu ya ƙare ranar. Na ɗaure kujerar a bayan keke, Yaya na cewa ina zan kai mata abinta, na kama hanyar birni.

Malamin sassaƙar shi ne dai nawa na da, gemu ya yi fari. Ya gane ni tun daga ƙofa. Muka gaisa, ya tambayi Baba, na ce ya rasu, ya yi addu'a. Na ajiye kujerar a gabansa na ce ɗan yayata ne.

"Haba, shi ya sa! Jini ba ya ƙarya. Shekara ashirin ban ga hannu irin wannan ba, har naka."

"Malam, na zo ne ka cire sunansa."

Ya ɓata rai. "Sana'ar da na koya maka ta wulaƙanta ka ne? Ka taɓa kwana da yunwa?"

"Ban taɓa ba. Amma ba a tambaye ni ba. Ni na fi kowa lissafi a ajinmu, ka sani."

Ya shafa kujerar da babban yatsa. Can ya ce, "Ni ba ni da ikon cirewa, kai ma ba ka da shi, kawu ne kai. Amma in uban yaro ya zo da ƙafarsa ya ce wa hedimasta littafi yake so, ba a tilastawa. Haka dokar take tun zamaninku."

Na ce, "Tun zamaninmu?"

"Tun zamaninku. Sai dai ban taɓa ganin uban da ya zo ba. Wa ya san ana zuwa?"

Na fito na tsaya a gindin wata bishiyar bedi. Ashe magana ɗaya ce. Da Baba ya bar zakaran nan da ransa ya taka zuwa birni ya faɗi kalma biyar, shi ke nan. Ban ga laifinsa ba. A wurinmu uba ba ya bin ɗa makaranta. Wanda hukuma ta ɗauka ya zama nata, kai dai ka yi addu'a. Shiga ofis kuwa sai mai laifi.

Fitar da mahaucin nan daga Safana ya fi fitar da jaki daga rijiya wuya. Ya ce ranar kasuwa ce. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Ya ce shi bai taɓa shiga ofis ba, kuma duk wanda ya sani ya shiga da tara ya fito. A ƙarshe Yaya ce ta gama da shi. Ta ce, "Auta bai taɓa roƙonka komai ba sai wannan. In ba ka je ba, ni zan yafa gyale in je, garin nan su ji." Ya sa babbar rigar da ya yi salla da ita, muka shiga motar gyaɗa.

A bakin ofishin ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Hedimastan sabo ne, bai san ni ba. Mutumin nan da muryarsa ke cika kasuwa ya durƙusa, gumi na zuba, ya manta duk abin da na yi ta koya masa a hanya. Ya dube ni, na kau da kai. Sai ya ce, "Ranka shi daɗe, ni nama nika saidawa, ban san komi ba. Amma wanga ƙanen matata ya fi duk mutanen da na sani kai, ga shi nan yana gyaran benci. Ɗana kar a yi mai haka. A bar shi da littafi."

Ban taɓa jin ya yabe ni ba sai ranar, kuma bai sake ba.

Hedimasta ya jawo rajista ya duba makin yaron, ya ɗaga gira. Ya ce an bar shi, muddin bai faɗo daga sahun gaba ba. Ya ja layi a kan suna ɗaya. Duka-duka ba mu yi minti biyar a ciki ba.

Yaron ya yi fushi da ni shekara guda. Gaisuwa dai yana yi, a durƙushe, amma ba ya ɗaga ido. Ban lallashe shi ba. Duk hutu na kai masa tsofaffin tambayoyin jarrabawa da na roƙa wurin malamai, ya yi su ko yana so ko ba ya so. Rumfata kuwa na hana shi shiga. Ya ci kwaleji. Tun shekararsa ta farko a can na sa ya tambayi malamansa waɗanne darussa jami'ar kudu ke dubawa, ya kama su tun da wuri, kar a sake raba mutane biyu yana barci. Wannan karon bai yi mini gardama ba.

Bana, da ake ta maganar Turawa za su tafi, takardarsa ta zo. An ɗauke shi. Uban ya zagaya kasuwar Safana yana cewa shi ya kai ɗansa ofis da kansa, ya yi wa hedimasta magana ido da ido. Na ƙyale shi.

Ni na yi masa akwatin tafiya, na maɗaci, kwana shida ina kai. Ranar da na kai masa, Yaya na zaune a kan 'yar kujerar nan tata, wadda har yau ba ta taɓa rawa ba. Ya tsuguna gaban akwatin, ya bi kusurwoyin da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a ta huɗu.

"Kawu, nan ta ɗan buɗe."

Na duba. Gaskiyarsa ne, da kaurin gashi.

Ya ce, "Da ka bar ni, da na gyara maka."

Na ce, "Na sani. Ɗauki akwatinka, mota ba ta jira."