Hadarin da Illa Ya Haɗa a Cikin Rijiya

Mun tashi da asuba daga Tawa, ana sallame salla muka hau mota, don a watan bazara wanda ya bari rana ta fito masa a gari ya sayi wahala da kuɗinsa. Mu uku ne: direba, da wata likita 'yar garinmu da ta dawo daga karatu a Turai, sai ni da rikodata. Gidan rediyonmu ne ya ce in bi ta in ga aikinta, in dawo in ba da labari.

Wasiƙa ce ta fitar da mu. Majon asibitin Tebaram, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya rubuto wa likitar cewa a wani ƙauye da ke yammacinsu rijiya ɗaya ce tak, kuma ta cike da laka. Mai yashe musu ita, wani dattijo da ake kira Illa, yana nan da ransa da ƙarfinsa, amma ya kasa shiga. Bara wata rijiya ta rufta da shi, ƙasa ta binne shi har ƙirji, aka wuni ana tono shi. Tun daga ranar, da an ɗaura masa igiya a ƙugu sai numfashinsa ya sarƙe. Matan ƙauyen kuwa tafiyar rabin wuni suke yi da jakuna kafin su sami ruwan sha.

Hanyar Takanamat ba ta da tausayi. Inda babu gargada akwai rairayi, inda babu rairayi akwai duwatsun ƙasar Adar masu cin taya. Gonaki duk an share su, an ƙone kara, ana jiran sama. A ƙauyukan bakin hanya bango ba ya rasa tambarin jam'iyya, wani an shafe shi an zana wani a kansa. Mun karya kumallo a Takanamat da masa da shayi. Ƙwaryar fura da nono dala ashirin, wato sefa ɗari, cuku ɗaya dala talatin, mai sayarwa kuma ta ce kada mu ga laifinta, tun da aka karya darajar kuɗin sefa ko gishiri ya san kansa.

A shingen fita gari wani jandarma ya buɗe akwatin likita, ya ga wata na'ura da wayoyi, ya ɗaure fuska. Tawayen arewacin ƙasar bai daɗe da lafawa ba, don haka tambayarsa tana kan hanya: wannan ta magana da nesa ce? Likita ta ce a'a, ta jona na'urar da batirin mota, ta gwada ta a kaina a gabansa.

Ga yadda take. Akwai tabarau mai kauri irin na masu walda. Akwai ɗan maƙali da ake sa wa a yatsa, yana ƙirga bugun zuciya. Su biyun suna haɗe da ƙaramar kwamfuta. Idan ka sa tabaran sai ka ga kanka tsaye a wani fili, in ka juya kai filin ya juya tare da kai. Hoton ba shi da kyau sosai, amma sama ce ake kallo. In zuciyarka tana gudu, hadari ya haɗu, ya yi baƙi. In ka sassauta numfashi zuciya ta kwanta, sai hadarin ya watse, rana ta fito. Likita ta ce ba magani ba ce, madubi ce: mutum ya ga abin da ƙirjinsa ke yi, ya koyi lallashinsa, daga baya ya iya ba tare da ita ba. Cikin minti uku na share sama tas. Jandarma ya ce tun da haka ne a bar masa ita, kwamandansa yana buƙatarta.

Mun ɗauki majo a Tebaram, muka isa ƙauyen da la'asar. Abin da na fara gani shi ne bakin rijiyar: jarkoki da tuluna a jere, kowane da dutse a kansa yana riƙe wa mai shi layi. Wasu makiyaya masu jin harshen Tamashek sun yi kwana biyu a gefe da raƙumansu. Aka jefa guga a gabana, ya fito da abin da bai cika kwano ba, shi ma rabinsa laka. Maigari ya sauke mu, aka kawo tuwon gero da miyar kuka. Ruwan wanke hannu a ludayi aka auna mana.

Illa ya zo da safe tare da amininsa, wanda ya shekara ashirin yana riƙe masa igiya. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana. An yi masa rubutu, an yi masa turare, don wasu sun ce mai rijiyar, wato aljaninta, shi ne ya taɓa shi. Likita ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ce, "Baba, ka ci gaba da addu'arka, wannan ƙari ne."

Aka sa masa tabarau, aka ɗaura masa igiya a ƙugu don jikinsa ya tuna. Nan take lambar bugun zuciyarsa da ke kan kwamfutar ta haura. Sai muka ji ya ce, "Alhamdu lillahi, hadari ya haɗu gabas." Lambar ta fara sauka, likita ta yi murmushi. Ba a jima ba ya zabura. "Shina watsewa! Wallahi shina watsewa!" Lambar ta koma sama. Haka aka yi ta yi, sau biyar na ƙirga: ta sauka, ya firgita, ta hau, ya yi hamdala. Likita ta duba wayoyi, ta duba batir, ba ta ga matsala ba. Ta ce, "Baba, numfasa a hankali, so nake ka kori hadarin nan gaba ɗaya."

Illa ya cire tabaran ya dube ta.

"Mi kinka ce, ɗiyata? In kori hadari? Cikin watan ga?"

Amininsa ya fashe da dariya. "Likita, ki rufa mishi asiri. In anka ji Illa ya kori ruwa, ba rijiya ba, garin ma sai ya bar shi."

Likita ita ma ta yi dariya, ta kanta. Waɗanda suka ƙera na'urar mutanen ƙasar da ake marmarin rana ne, a wurinsu sama garau ita ce kwanciyar hankali. Manomin Adar kuwa babu abin da ke tsinka masa zuciya kamar ya ga hadari ya haɗu ya watse bai zubar ba. Wato na'urar tana saka wa Illa da abin da ya fi tsoro duk lokacin da ya natsu. Ni da na share sama a Takanamat ban lura ba, don ban taɓa shuka gero na zauna jiran sama ba. Ita ma a Tawa aka haife ta, amma ta ce shekara bakwai a ƙasar sanyi sun isa su juya wa mutum ido.

Ta zauna a inuwar mota da kwamfutar a cinya, kafin azahar ta juya tsarin. Yanzu wanda ya firgita rana zai gani ƙwal, wanda ya natsu hadari ya taso masa, in ya daure har yayyafi ya sauka.

Kwana uku aka yi. Ranar farko Illa ya kai ga yayyafi sau biyu, yana zaune. Rana ta biyu a tsaye, da igiya a ƙugu, amininsa yana jan ta kaɗan-kaɗan yana tsokanarsa. Likita ta so ya riƙa ƙirga numfashi da lamba, ya ce shi da gaba, wato tsawon buɗin hannu biyu, ya saba awo, kowane numfashi gaba guda ta igiya. Ta bar shi. Rana ta uku aka ajiye tabaran, aka koma bakin rijiyar, ya zauna ƙafafunsa a ciki, ido rufe. Direbanmu kuwa bai huta ba, kullum sai ya tayar da mota don batir, yana gunagunin esansi, wai bai taɓa ganin motar da ke shan mai tana tsaye saboda ruwan ƙarya ba.

Safiya ta huɗu Illa ya ce a kawo igiya. Babu wanda ya matsa masa, likita ma ta ce in ya ga dama a ƙara kwana. Maza shida suka riƙe, amininsa a gaba. Ƙa'idarsu tsohuwa ce: in ya ja igiya sau ɗaya, a ci gaba, sau biyu, a tsaya, sau uku, a fito da shi. Ya yi bisimilla ya sauka. Amininsa yana ƙirga gaba da ƙarfi. A gaba ta goma sha biyu, daidai zurfin da waccan rijiyar ta bara ta rufta da shi, igiya ta motsa sau biyu.

Aka tsaya. Na duba agogona, don aikina ke nan. Minti ɗaya babu motsi. Minti biyu, wata tsohuwa ta fara salati. Majo ya ce a jawo shi, amininsa ya ce, "Bai ja ukku ba." A minti na huɗu igiya ta motsa sau ɗaya. Aka ci gaba da saki.

Gugan laka na farko ya fito kafin hantsi. Ban ƙirga sauran ba, sun yi yawa. Da azahar aka fito da Illa, laka har wuya. Amininsa ya miƙa masa ruwa ya ce, "Kai tsoho, mi ka tsaya yi can tsakiya? Barci?"

Illa ya sha, ya goge baki. "Rana ta buɗe min. Na tsaya sai da na haɗa hadari."

Kashegari da za mu tafi, guga yana fitowa a cike, duwatsun riƙon layi an zubar da su gefe, makiyayan sun shayar sun wuce. Sun bar wa likita cuku goma, ta raba mana. Mun kwana Tebaram, muka biyo ta Takanamat, taya ɗaya ta fashe a kan duwatsun, muka shigo Tawa bayan la'asar.

Ba zan ce muku na'ura ta warkar da Illa ba. Likitar da kanta ta ƙi wannan kalma. Ta ce mutum ɗaya ne, rijiya ɗaya, kuma tsoron zai iya dawowa, sai dai yanzu ya san abin da zai yi in ya dawo. Abin da na gani da idona shi na faɗa. Abin da na koyo kuwa ƙarami ne: kafin ka ce wa mutum ya kwantar da hankalinsa, tambaye shi yadda kwanciyar hankali take a garinsu. Mun ɗauko na'ura daga Turai, mun ƙona esansi har Tebaram, amma ba ta fara aiki ba sai da wani dattijo ya cire tabarau ya ce shi ba ya korar hadari a watan bazara.