Muttaka da Damisar da Ya Ɓoye Mana

Ranar Laraba, 14 ga Yuli 2021, huɗu ga Zulhijja, Allah ya karɓi ran Muttaka Maitama Doguwa a wani asibiti da ke nan Kuala Lumpur, bayan ya sha fama da cutar korona. Na Allah ne mu, wurinsa kuma muka nufa. Ba mu yi masa wanka ba, ba mu ɗauki makararsa ba. Ma'aikata cikin fararen rigunan leda ne suka sa shi a kabari, mu kuwa muna ɗakunanmu muna kallo ta waya, hoton yana tsayawa yana ci gaba.

Muttaka, a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, na unguwar Danau Kota na fara ganinka, shekara shida da suka wuce. Ka shigo da kyamara mai dogon hanci a rataye, ƙwaurinka duk tabon matsattsaku. Aka ce mini gwamnati ce ta turo ka yin digiri na uku kan dazuzzuka. Na ce, ashe yanzu har bin kyanwa ana biya wa mutum. Ka yi dariya, ka ja kujera, ka ce, "Malam Bala, kai da ka zo nazarin waƙoƙin mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanka, ai ni tawa kyanwar tana numfashi." Daga ranar ban ƙara cin nasara a kanka ba, kuma ban daina gwadawa ba.

Babu gidan Bahaushe daga Taman Melati zuwa Wangsa Maju da ba a rataye aikinka a bango ba. Suna, walimar kammala karatu, hoton fasfo na gaggawa, duk kai ne, kuma wanda ya yi maka maganar lada sai ka ɓata rai. Ni kaina ka taɓa ɗaukata hoton da ya nuna ina da wuya, abin da maiɗakina ta daɗe tana musantawa. Da aka kulle gari, kai ne kake tapau, wato ƙunshin shinkafa, kana ajiyewa a ƙofar yaran nan 'yan makaranta da iyayensu suka kasa turo musu komai, ka ƙwanƙwasa ka tafi kafin su buɗe.

Amma zuciyarka tana wurin damisar nan mai ratsi-ratsi, wadda mutanen ƙasar suke kira harimau, suke sa ta a tambari da rigar ƙwallo, alhali waɗanda suka rage a daji sun kusa ƙirguwa da baki. Ka taɓa ba ni labarin zuwanka wani gandun daji a Indiya. Ka ce damisa ta fito za ta tsallaka hanya zuwa ruwa, direbobi suka kira juna a waya, kafin ta kai tsakiya motoci sun yi mata zobe. Masu kuɗi a tsaye bisa kujeru, wani yana tafi don ta waigo, wata ta juya mata baya tana gyara gashi don su fito tare. Dabbar ta tsaya tana haki, sannan ta koma inda ta fito ba ta sha ruwan ba. Ka ce a motar ma har da kai, da kyamararka, kuma hoton ya yi kyau ƙwarai. Ka goge shi kafin ku isa masauki.

Tun daga nan ka kafa wa kanka doka: ba ka faɗin inda ka ga dabba. Ko malamin da ke duba aikinka, gunduma kawai kake gaya masa. Bara, da aka ɗan sassauta kulle, ka dawo daga wani daji kana rawar jiki, ka kira ni gefe ka nuna mini a bayan kyamara: damisa kwance a bakin rafi, 'ya'yanta biyu suna wasa da jelarta, a bayansu wani farin dutse mai kai biyu. Na ce ka tura mini. Ka ce, "Sa tabaranka ka more idonka, Malam. Wannan dutsen duk wani ɗan jagora ya san shi. Ranar da hoton nan ya fita, 'yan yawon buɗe ido ne a gaba, masu tarkon waya suna bin sawun tayarsu."

To, Muttaka, ka yi haƙuri, hoton ya fita. Mu muka fitar da shi, kuma da sunan ƙaunarka.

Ka san halinmu. Mutum ya rasu, kafin a gama haƙa kabarinsa mun liƙa hotonsa a kowane shafi, da addu'a a ƙasa da fuskar nan mai hawaye. Tajuddeen, wanda yake tuƙa ka zuwa bakin daji, ashe ya taɓa ɗaukar hoton da wayarsa daga jikin kyamararka. Don ya karrama ka, ya haɗa fuskarka da damisar da dutsen, ya ɗora ƙira'a mai daɗi a kai. Muka yi ta turawa. Ƙungiyar ɗalibai ta tura, tsofaffin 'yan ajinku na Kano suka tura, har waɗanda a da suke ce maka mai bin kyanwa suka rubuta cewa an yi rashin gwani. Ba na tuhumar zuciyar Tajuddeen, yana kuka ya yi shi. Abin da ke damuna shi ne, shekara shida kana gaya mana abu ɗaya, mun ji, mun gyaɗa kai, ashe hoton kawai muke kallo.

Ba a yi sadakar bakwai ba wani mutum ya kira Barira, matarka, wadda take takaba ita kaɗai da 'yarku Mubina a hawa na sha huɗu. Ya ce yana da kamfanin kai baƙi daji. Ya yi ta'aziyya da murya mai laushi, har da Larabci. Sannan ya ce ya gane dutsen, abin da yake so kawai ta tabbatar masa ta wane gefen rafi kake shiga. Da zarar an buɗe hanyoyi, in ji shi, zai fara kai baƙi, zai kuma sa wa tafiyar sunanka, don tunawa da kai. Na karanta littattafai da dama kan rashin kunyar ɗan Adam, ban taɓa cin karo da wanda ya zo gaisuwar mutuwa da jadawalin tafiya ba.

Barira ta kira ni bayan ta ajiye wayar. Ta ce, "Yaya Bala, na ce masa ni ban san gefen rafi ba, gefen gado kawai na sani, shi ma yanzu ba kowa a kai. Ya ce boleh, boleh, wai ba komai, zai sake kira. Don Allah ku gaya wa mutanenku su cire hoton nan. Abban Mubina ko ni bai ba ni shi ba." Washegari ta nemi jami'an kula da namun daji da kake aiki da su, ta gaya musu abin da ya faru. Sun ce za su ƙara sintiri a wajen. Ko za su riga masu tarko isa, Allah ne masani.

Saboda haka, jama'ar yankinmu na Setapak da na gida, ga roƙona. Wanda yake da hoton nan ya goge shi, a shafinsa da cikin wayarsa, ya kuma bi waɗanda ya tura wa ya roƙe su. Na san ba duka zai dawo ba. Amma mamaci ba ya amfana da yawan waɗanda suka danna masa alamar hawaye. In kana son yi wa Muttaka wani abu, ka yi alwala ka ambaci sunansa inda ba mai ganinka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Barira da Mubina, da mahaifiyarsa Hajiya Daso a Doguwa, wadda ba ta samu ko ganin kabarin ɗanta ba, da Tajuddeen, wanda nauyin da yake ɗauke da shi ya fi na kowa a cikinmu. Allah ya ba ku haƙuri. Ya Allah, ka jiƙan bawanka Muttaka, ka yafe masa kurakuransa, ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ka haskaka kabarinsa a wannan ƙasa ta baƙunci. Ya rufa wa wata halittarka asiri da 'ya'yanta iyakar ransa. Ka rufa masa nasa ranar tsayuwa. Ita kuma, tunda mu mun kasa, ka tsare ta daga gare mu.

Bala Ɗan'azumi
Taman Melati, Kuala Lumpur